Neman kalma: tsoron motsa gaɓar da ke ciwo, da sunan tendon

Uwani Mai Shiri: Assalamu alaikum malamai. Gobe da hantsi za mu naɗi shirin lafiya, baƙuwarmu likitar fisiyo ce, takardarta kuwa da Turanci ta zo. Maganar kan yadda halin zuciya ke shafar ciwon tendon da warkewarsa ce. Kalmomi uku sun hana ni sakat: tendon ɗin kansa, da kinesiyofobiya, wato mutum ya riƙa tsoron motsa wurin ciwo don kada ya ƙara lalata shi, sai katastirofayizin, wato mutum ya riƙa hango mafi munin abu game da ciwonsa, wadda ko furta ta a rediyo ba zan iya ba. A taimaka kafin dare.

Malam Ɗanjuma: Wa alaikumus salam. Tendon ai jijiya ce. A wuce zuwa ta biyu.

Baraka Fisiyo: Malam, jijiya ta yi faɗi. Ta jini jijiya, mai kai saƙo ƙwaƙwalwa jijiya, wannan da ke ɗaure tsoka da ƙashi ita ma jijiya. In aka ce ciwon jijiya, wani shanyewar jiki zai kawo a ransa. Ga agara nan.

Malam Ɗanjuma: Agara ta bayan dunduniya ce. Za ki iya cewa agarar kafaɗa ba ki yi dariya ba?

Baraka Fisiyo: To, jijiyar tsoka gaba ɗaya, agara in ana maganar dunduniya. Kuma Malama Uwani, don Allah kada ki ce kumburi. Tun 1998 likita Maffulli da abokan aikinsa suka nemi a daina kiran irin wannan ciwo da sunan kumburi, don yawanci jijiyar ce ta sha nauyin da ya fi ƙarfinta.

Sarkin Nahawu: Ta biyun na gama muku ita: ƙi-motsi. Tsarin Hausa ne tsantsa, aikatau da karɓau, kamar ƙi-gudu da fasa-ƙwauri da hana-salla. Gaɓa uku, ta zauna a baki. A rubuta.

Garba Direba: Me ya sa ake wahala? Raki sunansa.

Baraka Fisiyo: Wannan ce kaɗai kalmar da zan roƙa kada ta shiga shirin. Mai ciwon agara da ya ji an ce raki, ya kashe rediyo ke nan, gobe kuma ba zai zo atisaye ba. Ciwon gaskiya ne. Abin da ke faruwa shi ne: ya taka ƙafa ya ji zafi, ya fassara zafin da cewa wani abu na yagewa, sai ya daina takawa. Tsokar sharaɓa ta yi rauni, jijiyar ta rage jure nauyi, ranar da ya sake gwadawa zafin ya fi na da, tsoron ya ƙaru. Masu bincike Vlaeyen da Linton sun zayyana wannan zagaye a 2000. Jijiyar tsoka kuwa da nauyi take warkewa, ba da kwanciya ba. Tsarin atisayen Alfredson na 1998 don ciwon agara ɗaga dunduniya ne da sauke ta sau 180 a rana har mako 12, kuma da ɗan zafi ake yi. Wanda tsoro ya cika wa ciki yaya zai kai mako 12?

Sarkin Nahawu: Duk bayanin nan naki ƙi-motsi yake tabbatarwa.

Hajiya Mai Fassara: Ranka ya daɗe, ƙi ganganci ne. Ƙi-gudu jarumi ne da ya zaɓi tsayawa. Wannan bawan Allah yana son ya motsa, fargaba ce ta riƙe shi. Kuma ginin naka ya fi kama da sunan mutum. Za a ce "yana da ƙi-motsi"?

Sarkin Nahawu: Za a ce, in aka saba. Wa ya san yanar gizo kafin a ƙirƙire ta?

Abba Lab: Ni fa a ganina a faɗe ta da Turanci kawai. Hausa ba ta kai wannan matakin na kimiyya ba.

Sarkin Nahawu: Yaro, Turancin ma aro ya yi. Girkanci ne biyu aka liƙa, motsi da tsoro, kuma sai a 1990 Kori da Miller da Todd suka haɗa ta. Ni na girme ta. Amma ku da kun sa farar riga sai harshen iyayenku ya zama abin kunya.

Abba Lab: Baba, ba raini ba ne. Ku kuna ƙirƙira a kan takarda, mu muke gaban mara lafiya.

Malam Ɗanjuma: Wanda bai san sashen Hausa na jami'a ba ya daina cewa Hausa ba ta kai ba.

Uwani Mai Shiri: Malamai, magariba ta kusa.

Hajiya Mai Fassara: Mun tsallake kalmar da ke gabanmu: fami. Ciwo ya fara warkewa a fama shi. Tsoron fami. Kowa ya san shi, babu zargi a ciki, kuma ya nuna dalilin tsoron. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Baraka Fisiyo: Madalla, Hajiya. Ma'aunin Tampa da ake auna wannan tsoro da shi, mai tambayoyi 17, akasari abin da yake tambaya ke nan: ko kana jin motsi zai sake ji maka ciwo. Saura a faɗa wa masu sauraro cewa ba kowane zafi ne fami ba. A tsarin mai bincike Silbernagel ana barin zafi ya kai 5 cikin 10 a ma'aunin zafi lokacin atisaye, muddin ya lafa kafin safiya. Hoton asibiti ma yakan nuna canji a jijiyar mutanen da ba sa jin komai, shi ya sa kalmomi irin su "ta lalace" ko "ta ruɓe" daga bakin ma'aikaci kan ƙara tsoro a banza.

Uwani Mai Shiri: Ta ukun fa?

Malam Ɗanjuma: Zuzuta ciwo.

Baraka Fisiyo: Kashi ɗaya cikin uku ke nan. Ma'aunin Sullivan na 1995 ya raba ta: yawan saƙe-saƙe a kan ciwon, kambama shi, da karaya cewa babu abin yi. Kuma zuzutawa a gaban mutane ake yi, wannan a zuci take.

Hajiya Mai Fassara: Zullumin ciwo, sai a bi shi da jimla ɗaya ta bayani.

Malam Ɗanjuma: Zullumi bai ɗauki karaya ba, amma na gobe ya isa.

Uwani Mai Shiri: Na rubuta: jijiyar tsoka, agara ga dunduniya, tsoron fami, zullumin ciwo. Allah ya saka da alheri.

Sarkin Nahawu: Tsoron fami bayani ne, ba suna ba ne. Ban yarda ba. Ko da yake shi ƙaurace wa motsin da tsoron ke haifarwa har yanzu ba ku ba shi suna ba.

Baraka Fisiyo: Wannan kam za mu iya ba ka, Baba.

Sarkin Nahawu: Da karan ɗori za a rubuta shi.