Wane suna za mu ba ƙarfen yankan gicciye na injin zarto?

Mai tambaya: Assalamu alaikum, malamai da iyayen gida a sana'a. Ana rubuta takardar koya wa yara aiki da injin zarto na tebur, sai aka zo kan wani ƙarfe aka rasa sunansa da Hausa. Shi ne wanda Turawa ke ce wa maita geji: doguwar sanda mai gudu cikin gurbin da aka fafe a fuskar tebur, a kanta akwai faranti rabin da'ira mai alamun digiri, sai wurin da katako ke jingina. Da shi ake yanka katako gicciye, ko a miƙe kan digiri 90, ko a karkace kan 45. Babin da ake kai na yadda za a cire wanda ya zo da injin ne a ɗora wani da aka saya daban, irin na kamfanin Incra ko na Kreg. Me za mu kira shi, kuma me za mu kira gaɓoɓinsa?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Aron sunan yadda yake ba zai yiwu ba. Geji ya daɗe da zama a Hausa, amma maita tana da ma'anarta a wurinmu, kuma ba za a cusa ta a bakin yara a wurin aiki ba. Abin da Turawa ke nufi da kalmar shi ne haɗin katako biyu a kusurwa, kowanne an yanke bakinsa a karkace, kamar firam ɗin hoto. Ina ganin a ce ma'aunin kusurwa.

Tsohon kafinta: Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma ban yarda da ma'auni ba, kuma dalilina na aiki ne. Wannan ƙarfe ba ya auna komai. Riƙe katako yake yi a kwanar da ka zaɓa, ya raka shi har ya wuce haƙoran zarto. Mai awo sukwaya ce, wato ƙarfen da ake duba kwanar digiri 90 da shi. Ranar da ka ce wa yaro wannan ma'auni ne, zai ga kibiya a kan lamba ya gaskata, alhali sabon da aka fito da shi daga kwali sai an saita shi da tebur ɗin da zai zauna a kai kafin lambarsa ta zama gaskiya.

Gaɓoɓin ba su da wahala. Ramin tebur a ce gurbi, ƙarfen da ke gudu a ciki sanda, mai digiri faranti, wanda katako ke jingina da shi majingina. Wanda ya zo da inji ɗan gida ne, wanda aka sayo daban baƙo.

Kafin a sayi baƙo a auna gurbi. Mafi yawan manyan injina gurbinsu faɗin inci 3/4 ne, zurfin inci 3/8, wato kusan milimita 19 da 9.5, kuma a kan wannan awon ake ƙera sandunan. Wasu ƙananan injina na ɗauka a tafi nasu inci 5/8 ne, wasu kuma akwai 'yan kunnuwa a bakin gurbin. Irin waɗannan sanda ba za ta shiga ba ko kaɗan. A duba kuma ko gindin gurbin ya buɗe gefe da gefe kamar harafin T a kife. In haka ne, washar da ke ƙarshen sanda za ta shiga nan ta hana ta ɗagawa idan an janyo ta baya. In gurbin miƙaƙƙe ne, a kwance washar a ajiye.

Makanikin inji: Baba ya faɗi gaskiya. Ina ƙara abu ɗaya da ya kamata ya zo a farkon babin: a zare wuta, a duba faifan zarto ko yana tafiya daidai da gurbi. A ɗaga faifan har ƙarshe, a sa wa haƙori ɗaya alama, a juyo shi gaba a auna tazararsa da gefen gurbi, a juya wannan haƙorin dai zuwa baya a sake aunawa. Bambancin kada ya kai milimita 0.1. In ya wuce, a manyan injina notunan da suka riƙe tebur ake sassautawa a ɗan buga shi ya juya, a wasu kuma maƙalan da faifan ke rataye da su a ƙarƙashin tebur ake matsarwa.

Dalilin kuwa, yanka yana bin gurbi ne, ba faifai ba. Idan faifan ya jirkice, haƙoran baya za su riƙa goge bakin katakon da na gaba suka riga suka yanka, sai a ga ƙuna da tsartsage, a ɗora wa sabon ƙarfe laifin da ba nasa ba. Haka kuma wanda ya saita majingina da jirkitaccen faifai ya kwashi karkatar ya zuba a aikinsa.

Game da suna, a bakin masu aiki gejin kwana zai fi saurin kamawa.

Malamin Hausa: Na janye ma'auni. Sai dai geji ma awo yake nunawa, matsalar da Baba ya kawo tana nan. Kwana kuma fa, ba za ta rikice da kwanan barci ba?

Tsohon kafinta: Ba za ta rikice ba, Malam. Direba na shan kwana, magini na fitar da kwana, ba wanda ya taɓa zaton barci ake nufi. Kusurwa a bar wa ajin lissafi. Tunda aikinsa rakiya ne, ni jagora nake gani: jagoran kwana. Alherin wannan suna shi ne ya ba mu na ɗan'uwansa a kyauta. Dogon ƙarfen nan da ke tsaye gefen faifai, wanda ake tsaga katako a tsaye da shi, sai ya zama jagoran tsaga.

Mai haɗa firam: Me zai hana a ce jagoran gicciye, Baba? Yawancin aikinsa ai yankan 90 ne, ba karkace ba.

Tsohon kafinta: Saboda akwai wani mai wannan aikin, wato faffaɗan tiren katako mai sanda biyu da ke gudu a gurabe biyun tebur. Shi ya fi cancanta da gicciye, a ce masa tiren gicciye. Abin da ya raba namu da shi farantin da ke juyawa ne, don haka kwana ce ta dace da sunansa.

Mai haɗa firam: Na gamsu. To ga abin da za a rubuta kan girgiɗi, don shi ne ainihin dalilin sayen baƙo. Ɗan gida yawanci sandarsa gajera ce kuma tana wasa a gurbi. Lissafin a fili yake: wasan milimita 0.2 idan sanda ta shiga gurbi tsawon milimita 400 bai wuce digiri 0.03 ba, amma idan an janyo ta baya don faffaɗan katako har saura milimita 100 kawai a ciki, wasan nan ya haura digiri 0.1. A katako mai faɗin milimita 300, digiri 0.1 ya kai rabin milimita.

Baƙi masu kyau suna zuwa da abin cike wannan giɓi. Na Incra 'yan fayafayan roba ne a jikin sanda, in ka ɗaure su da alanki sai su buɗe su taɓa bangon gurbi. Wasu kamfanoni ƙananan sukurori ne a gefen sanda. A bi su ɗaya bayan ɗaya: a ɗaure har wasa ya ɗauke, a ɗan sassauta kaɗan, a tura sanda daga farko har ƙarshe. Gurbi ba ya cika zama faɗi ɗaya ko'ina, saboda haka a saita da wurin da ya fi matsewa, ko a bi wurin da lallausan magagari a hankali. A ɗora rula a gicciye a tabbata sanda ba ta fi fuskar tebur tudu ba, in ba haka ba katako zai riƙa lilo a kanta. A shafa kakin goge katako, ban da mai ɗauke da silikon, domin yana hana fenti da gam kamawa.

Sannan saiti. A juya faranti ya zauna a matsayin da ke ba da yankan miƙe, a sassauta sukurorin da suka haɗa shi da majingina, a jingina sukwaya da jikin faifai tsakanin haƙora, kada ta hau kan haƙori, don haƙoran sun fi jikin faɗi. A ɗaure, sannan a gwada da katako, domin shi ne alƙali. A sami falanki mai faɗin milimita 200 wanda gefensa biyu suke daidai, a yanka shi biyu, a kife ɓari ɗaya, a haɗa bakunan a kan shimfiɗaɗɗen wuri. Giɓin da ya bayyana ninki biyu ne na kuskuren. Na 45 kuwa sai an yanka guda huɗu an haɗa firam: yanka takwas ke nan, kuskuren kwatan digiri zai taru ya zama digiri 2 a kwanar ƙarshe. Sai gwaji ya fito tsaf ake matsar da kibiya ta zauna kan lamba.

Mai tambaya: Madalla, Allah ya saka. An rubuta jagoran kwana, da sanda, faranti, majingina, gurbi, sai jagoran tsaga da tiren gicciye. Akwai gargaɗin da ya kamata ya shiga babin?

Makanikin inji: Akwai, kuma a rubuta shi da manyan baƙaƙe. Majinginar baƙo yawanci alminiyam ce, tana zamewa hagu da dama. Duk lokacin da aka juya faranti, bakinta yana matsawa, yana iya shiga hanyar faifai. A tura jagoran kwana da inji a kashe a ga ya wuce lafiya kafin a kunna. A injin SawStop, mai birkin da ke tsayar da faifai da zarar ya taɓa jikin mutum, alminiyam ɗin da hannunka ke kai in ya taɓa faifai birkin zai tashi, ka yi asarar birki, sau da yawa har da faifan. Gara a ɗaura miƙaƙƙen katako a fuskar majingina ya zarce layin yanka: yana tare tsartsage ta baya, kuma tsagin da zarto ya bari a jikinsa yana nuna daidai inda za a yanka. A manna masa sanfefa don kada katako ya sulale yayin yankan karkace.

Na biyu, kada a tokare ƙarshen katako da jagoran tsaga alhali ana tura shi da jagoran kwana. Guntun da ya yanke zai maƙale tsakanin faifai da ƙarfe, haƙoran baya su ɗauke shi su harbo wa mai aiki. In ana son guntaye tsawo ɗaya, a matse ɗan katako a jikin jagoran tsaga can gaba da faifai, ta wajen mai aiki. A tokara da shi a ɗauki awo, yadda kafin katakon ya isa haƙora ya riga ya rabu da shi. Idan kuma an kwantar da faifai don yankan gefe, a koma gurbin da faifan ya ba wa baya, sannan a sake duba wasan sanda a can, don gurabe biyun ba lallai faɗinsu ya zo ɗaya ba.