Musayar Waƙa: Ina Begen da Ba Ya Kunyatarwa?

Mai Jira:
Salama gare ku 'yan'uwa. Na kasa faɗin abin da ke raina da baki. Duk mai amsa ya amsa da baiti, amsa-amonmu "wa".

Na yi azumi, na kwana kan gwiwata,
Ina roƙon Uba ya raya mahaifiyata,
Likita ya zo ya kasa duban fuskata,
Hannunta ya yi sanyi a cikin nawa.

Ran Lahadi na shiga cikin jama'a,
Bakina yana bin waƙa da addu'a,
Zuciya kuwa ta ƙi ta yi ɗa'a,
Ina begen da aka ce ba ya kunyatarwa?

Ɗan Mawaƙa:
'Yar'uwa sannu, Allah ya ba da haƙuri,
Ibrahim na da shekara 75 aka yi masa alkawari,
Sai da ya kai 100 ya rungumi jariri,
Jinkirin Allah ba ya nufin mantuwa.

Yusufu na da 17 aka sayar da shi,
Shekara 2 mai shayarwa ya manta da shi,
Yana da 30 Fir'auna ya ce a kirawo shi,
Daga kurkuku sai fada, ba tsayawa.

Mai Jira:
Ɗan'uwa na gode, amma saurare ni,
Su sun ga amsarsu da ido, ban da ni,
Wadda na roƙa wa tana ƙasa, ta bar ni,
Wannan ba jinkiri ba ne, rasuwa ce, rasuwa.

Yahaya Mai Baftisma fa, da yake ɗaure?
Ya aika wa Yesu: kai ne mai zuwa, ko mu ƙara daure?
Hirudus ya ba da umarni, kan Yahaya aka sare,
Ba mala'ikan da ya sauko buɗewa.

Baba Dattijo:
'Yata, ba zan ce ki share hawaye ba. Tambayarki ta mai bangaskiya ce.

Kukanki, 'yata, ba shi da laifi,
Dawuda ya yi shi, yana nan a Littafi,
Zabura 13, "har yaushe?" sau 4, da zafi,
Allah bai ce a goge ba, ya bar mana rerawa.

Marta ta tari Yesu a hanyar Betanya,
Li'azaru kwana 4 a kabari, an gama jinya,
Da kana nan da bai mutu ba, ta faɗa ba kunya,
Bai tsawata ba, can gaba hawayensa sai zubowa.

Bulus sau 3 ya roƙa a cire masa ƙaya,
Aka ce alheri ya isa, ƙayar kuwa ta tsaya,
Ibraniyawa 11 ta jero masu bangaskiya ɗaya-ɗaya,
Sun mutu suna hangen alkawari daga nesa yana zuwa.

Mama Mai Ta'aziyya:
Baba ya faɗi gaskiya. Bari in ɗora nawa.

Almajirai 2 sun kama hanyar Imuwasu,
Gicciye ya rushe duk abin da ke ransu,
Dā mun sa zuciya, haka suka ce da bakinsu,
Wanda suke wa makoki na gefensu yana takawa.

Ni ma na binne miji, na san wannan dare,
Na buɗe baki zan yi addu'a, harshe ya sandare,
'Yan'uwa suka riƙa yi a madadina muna tare,
Abin da ya riƙe ni kabarin Yesu ne da ba kowa.

Ban ce miki zafin zai wuce gobe ba,
Ba a ce mana duk ciwo a nan zai warke ba,
An ce ƙaho zai busa, mutuwa ba za ta ci ba,
Mahaifiyarki da mijina suna cikin masu farkawa.

Mai Jira:
Baba, Mama, na ji, na kuma amsa,
Ba zan ce na warke ba, da sauran nisa,
Zabura 13 zan kai yau gabansa,
Ku riƙa yi mini addu'a, ni har yanzu ba na iyawa.

Mama Mai Ta'aziyya:
Mun ɗauka, 'yata. Ki turo mini lambarki ta akwatin saƙo, zan kira ki da daddare in yi, ke ki ce amin.