Sufa gulu ya ɓata min gilashin Hurricane ɗina, akwai gyara ko in haƙura?

Dan_Fagge:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Dan Allah masu haɗa ƙananan jiragen nan na roba ku taimaka min da shawara, abin ya tsaya min a rai tun jiya wallahi.

Yayana ne ya taho min da shi daga Ingila, Hawker Hurricane Mk.I na kamfanin Airfix, sikeli 1/48 wato an rage girman na gaske sau 48, irin wanda aka yi domin ƙasashen zafi mai babban filta a ƙarƙashin hancinsa. Wannan ne na farko da na taɓa haɗawa a rayuwata. Sati uku ina kansa, kullum bayan isha'i in shimfiɗa jarida a kan tebur in ɗauko reza da matsefata, na haɗa wajen zaman matuƙi da 'yan siraran ƙarafunan nan kamar tsinken tsintsiya, na saka kujera, na haɗa fukafukai da gangar jiki, komai ya zauna sai ɗan wani tsagi da ya rage a bayansa wanda farce ke shiga. To jiya na zo saka gilashin saman matuƙi, gam ɗin da yayana ya haɗo min da shi ya ƙare, sai na aiki ƙanena shago ya siyo sufa gulu na ɗiga kaɗan a gefe na ɗora. Da safe na duba, gilashin duk ya yi fari daga ciki kamar hazo ya sauka, har shatin yatsana ya fito a jiki ɓaro-ɓaro, ba a ganin komai na aikin da na sha wahala a ciki.

Tambayata uku ce. Gilashin nan zai gyaru? Tsagin bayan nan da me ake cike shi? Sai kuma fenti, ban da ko gwangwani ɗaya, wani abokina mai fentin mota yace in kawo ya fesa min a gareji, shin babu matsala?

Baba_Injiniya:

Wa alaikumus salam ɗana. Ka kwantar da hankalinka, jirginka bai mutu ba. Amma kafin komai, kar ka kai shi garejin nan tukuna. Tinar fentin mota tana cin irin wannan robar, in aka fesa da kauri za ka ga fatar jirgin ta yamutse kamar ledar da ta kusanci wuta, duk 'yan layukan nan da kusoshin da aka zana a jiki su narke, kuma wannan shi ne ɓarnar da ba ta da gyara.

Maganar gilashi. Farin da ka gani tururin sufa gulu ne, yayin da yake bushewa yana fitar da wani tururi da ke neman danshi da maiƙo ya manne, shi ya sa shatin yatsanka ya fito, maiƙon hannunka ya bi. Da ka rufe gilashin tururin bai samu hanyar fita ba sai ya kwanta a ciki. Abin da za ka yi, ka sa bakin sabuwar reza a hankali ta inda gilashin ya haɗu da jiki ka ɗan ɗaga, sufa gulu ba ya narka roba ya haɗe ta, riƙewa kawai yake, so yawanci yana ɓallewa in ka bi shi sannu. Kar ka danne gilashin daga sama, roba mai garai-garai ta fi sauran gautsi, tana tsagewa farat ɗaya.

In ya fita, ka samo makilin fari, ba mai ruwa-ruwan nan mai launi ba, ka ɗiba a audugar goge kunne ka riƙa murzawa daga ciki kana zagayawa, ka wanke da ruwa ka duba a haske, ka sake. Zai iya cin ka minti talatin ko fiye. In farin ya yi kauri sai ka fara bi da samfefa mai lamba 2000 da ruwa, zai ƙara dusashewa kar ka tsorata, makilin ɗin ne zai dawo da shi. Abu ɗaya da nake roƙonka, kar wani ya ce maka ka goge da ruwan cire jan farce, asiton ne a ciki, yana cire sufa gulu da gaske amma zai tafi da gilashin gaba ɗaya.

Sannan ka koma kwalin ka duba firam ɗin robar da gilasan ke zuwa maƙale a jiki da kyau. Irin waɗannan sukan zo da murfi biyu, ɗaya na rufewa ɗaya na barinsa a buɗe an zuge shi baya. In ka samu na biyun to rabin aikin ya ragu.

Wajen mayarwa, farin gam ɗin kafinta za ka yi amfani da shi, ka ɗiba da tsinken sakace. Yana bushewa garau ba ya tururi, in ya fito gefe ka share da jiƙaƙƙiyar auduga. Tsagin baya kuwa a nan ne sufa gulun naka zai yi amfani, ka ɗiga a tsagin ka barbaɗa bakin soda ta girki a kai, nan take zai daskare, sai ka goge da abin goge farcen mata cikin awa ɗaya kafin ya fi robar tauri. Ka manna tef ɗin takarda dama da hagu kar ka shafe layukan yadin da ke bayan jirgin.

Malamin_Tarihi_Zinder:

Sannu da ƙoƙari ɗan'uwa, Baba ya gama maganar gam, ni kan fenti zan tsoma baki, don jirgin da ke hannunka ba baƙo ba ne a ƙasarmu, ya ratsa sararin Kano da Maiduguri.

A watan Yuni 1940 Italiya ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu, Bahar Rum ta zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila, ga kuma sojojinsu a Masar suna neman jiragen yaƙi ido rufe. Sai aka koma ɗauko jiragen a cikin manyan akwatunan katako ta ruwa zuwa Takoradi a Gwalkwas, Ghana ta yau, a haɗa su a can, su tashi zuwa Legas, Kano, Maiduguri, su bi ta Fort Lamy wato N'Djamena ta yanzu, su shiga Sudan ta El Geneina da El Fasher har Khartum, sannan su bi Kogin Nilu zuwa Alƙahira. Tafiyar kusan kwana shida. Hanyar ta samu ne saboda gwamnan Chadi Félix Éboué ya bi ɓangaren Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ci gaba da yaƙar Jamus, a watan Agusta 1940, da ya tsaya da gwamnatin Vichy, wato ta Faransa mai bin Jamus, da tsakiyar hanyar ta toshe. Ayarin farko ya tashi a Satumba 1940, kuma yadda suke yi shi ne jirgi mai inji biyu irin Blenheim ya shige gaba da mai duba taswira, su Hurricane su biyo shi a baya kamar 'yan tsaki. Dubban jirage ne suka bi nan kafin 1943 ta ƙare. Ita Kano dama ta san jirgi tun 1925 da jiragen sojan saman Ingila suka fara sauka.

To ga inda ya shafi fentinka. Na farko-farkon sun zo ne da kalar Ingila, kore mai duhu da ruwan ƙasa. Daga baya aka koma kalar sahara, ruwan ƙasa mai duhu da ruwan yashi a sama, shuɗi a ƙasan cikin jirgin, a fentin Humbrol lambobinsu 29 da 225 da 157, koren kuma 30. A wasu tsofaffin hotunan hanyar Takoradi za ka ga an shafa farin fenti a saman bayan jirgin da jelarsa, saboda in inji ya mutu ya sauka a daji masu nema su hango shi daga sama, kuma suna ɗauke da ƙarin tankin mai biyu ƙarƙashin fukafukai. Ni da nawa ne wallahi haka zan yi shi, da farin bayan nan, in ajiye a falo duk wanda ya tambaya in ce wannan ya kwana a Kano.

Abu ɗaya kuma da nake ganin mutane suna kuskurewa har a hotunan da Turawa ke sakawa a intanet. Suna ɗiga fentin azurfa ko'ina a jiki wai fenti ya ɓare ƙarfe ya fito. Hurricane daga bayan matuƙi zuwa jela yadi ne aka ɗaura a kan firam ɗin bututun ƙarfe da katako, Sydney Camm ya zana shi ne a kan tsohuwar hanyar ƙira, ya fara tashi a Nuwamba 1935. Yadi ba ya ɓarewa ya nuna ƙarfe. In za ka yi ɓarewar ka tsaya a murfin inji, da gindin fiffike inda matuƙi da makanikai ke takawa, da murafun bindigoginsa takwas. Wannan yadin ma shi ya sa ake saurin gyara shi, harsashi ya huda ya wuce a yi faci a shafa fenti ya koma sama.

Maman_Iman:

Ƙanena sannu. Ni da ɗana muke yi, mun haɗa guda huɗu yanzu duk da burushi, babu injin feshi, kuma suna kyau. Kar ka bari rashin inji ya sa ka kai gareji.

Ka nemi fentin akirilik na ruwa, in na ƙananan jirage bai samu ba na masu zane ma yana yi in ka fara shafa faraima wato fentin shimfiɗa na farko, sai dai ka haɗa kalar da kanka kana gwadawa a bayan cokalin roba. Ka fara wanke jirgin da ruwan sabulun wanke-wanke ka bar shi ya bushe, akwai maiƙo a jikinsa. Ka tsinka fentin ya zama kamar madara, shafi na farko zai yi muni sosai kana ganin robar ta ciki, kar ka ƙara a kai yana jiƙe, bar shi, na biyu da na uku ne ke rufewa. Burushi mai faɗi mai laushi, ka riƙa ja gefe ɗaya daga gaba zuwa baya.

Yanzu da hunturu ya shigo ƙura ce babbar abokiyar gabarka. Mu da asuba muke shafawa bayan sallah kafin a fara shara, in ɗan yayyafa ruwa a ƙasan ɗakin, muna gamawa in kifa babbar robar abinci a kai. Ranar da muka manta muka bar taga a buɗe fiffiken jirginmu Spitfire ya zama kamar samfefa sai da muka goge muka sake. Kuma iskar nan tana busar da fenti a bakin burushi kafin ka kai shi jiki, so ka jiƙa tishu ka ɗora takardar gashin kek a kai ka zuba fentin a nan, zai daɗe bai bushe ba.

Sitikun ruwan nan na tambura da lambobin jirgin kuma kar ka manna su a kan fenti mai kaushi marar sheƙi, iska na maƙalewa a ƙasa gefensu ya yi fari-fari. Ka shafa kiliya mai sheƙi ta ruwa, wato fenti marar launi, tukuna, ka tsoma sitika ɗaya a ruwan ɗumi daƙiƙa goma zuwa ashirin ka ajiye a tishu har ta fara zamewa da kanta, ka tura ta da jiƙaƙƙen burushi.

Sani_Fenta:

Baba da girmanka, ni fentin mota nake yi shekara da shekaru kuma na taɓa fesa wa irin wannan bai narke ba. In aka sa faraima aka tsaya nesa aka yi feshi sama-sama yana yiwuwa. Amma gaskiya bindigar feshinmu ta yi wa abu mai faɗin santimita 25 girma, kuma kalar sojan nan marar sheƙi ba mu da ita a shago, so ga mai farawa burushin Hajiya ya fi.

Baba_Injiniya:

Haka ne Malam Sani, hannun da ya saba zai iya. Tsorona jirgi ɗaya gare shi babu na gwaji. In har zai gwada to ya fara fesawa a ragowar firam ɗin da ya ciro kayan, ya bar shi ya kwana ya gani.

Dan_Fagge:

Alhamdulillah, Allah ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Baba gilashin ya ɓalle kamar yadda ka faɗa bai tsage ba, na gaban na murza da makilin kusan awa ɗaya ya dawo sai ɗan wani dushi-dushi a kusurwar hagu wanda nake ganin fentin firam zai rufe, kuma na samu murfi na biyun a kwali, a buɗe zan bar shi a riƙa ganin kujera. Tsagin ma na cike.

Malam ka sa na kira kakata a waya na tambaye ta, tace babanta yana ba su labarin jiragen da ke sauka a Kano lokacin yaƙin Hitila suna yara suna zuwa kallo daga nesa. Na yanke shawara kore da ruwan ƙasa zan yi da farin baya. Sai dai tankunan man nan babu su a kayana. Anti Maman Iman, farin zan fara shafawa in rufe da tef sannan in yi koren, ko a ƙarshe ake ɗora shi a kai kamar yadda su suka yi a Takoradi? Kuma shafi nawa fari yake ci da burushi kafin ya rufe?