"In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa": hattara ce ko son kai?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum. Jama'a, akwai karin maganar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wanda zai ja wa wani kunne a kan taka-tsantsan sai ya ce, "In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa." Ni kuwa in na natsu na dube ta, son kai nake gani a ciki. Ɗan'uwanka yana ƙonewa a gabanka, ga ruwa a hannunka, sai a ce naka gemun za ka jiƙa? Ba haka aka rene mu ba. Masana a warware mini.

Malamin Hausa na Gwale:
Wa alaikumus salam. Ɗan Fagge, karin magana ba ta ɗaukar duniya duka a baki ɗaya, gefe guda take kamawa. Wannan ba ta hana ka kai ɗauki ba, izina take koyarwa. Ita da "Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah" uwa ɗaya uba ɗaya suke. Kuma ka lura, ɗan'uwanka aka ce, wato wanda halinku ɗaya, sana'arku ɗaya, abin da ya same shi yana iya samunka gobe. Maganar taimako kuwa tana da nata karin, ai mu ne muka ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Alhajin Sabon Gari:
Allah ya gafarta Malam, bari in ɗora a kan naka, don mu 'yan kasuwa ba a littafi muka karanta wannan magana ba. Gobarar da ta ci kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 cikin dare ta tashi, kafin gari ya waye dubban shaguna sun zama toka. Na ga dattijo mai jikoki zaune a kan ƙonannen kwano yana tona toka da tsinke, ko zai tsinci wani abu. Bayan nan kowa ya shiga taitayinsa. Da yamma za ka ji ana cire fiyus, ana kashe janareta, ana fitar da jarkar fetur daga shago. Wata nawa aka yi a haka? Ba a jima ba aka koma jona waya a kan waya, soket ɗaya ya ɗauki fanka da firji da cajar waya goma, kwalaye kuma a jibge har rufi. Hanyar da motar 'yan kwana-kwana za ta bi ma an kafa mata tebura.

Abin da nake so Ɗan Fagge ya gane shi ne, a kasuwa bango ɗaya muke da maƙwabci, rufi ɗaya, sau da yawa waya ɗaya. In na kashe wutar shagona kafin in kulle, shagonsa ma na tsare. To ina son kai a nan?

Ɗan Fagge:
Alhaji, na ji wannan, kuma Allah ya mayar muku da alheri. Amma ka duba ambaliyar Kantin Kwari ta watan Agusta na 2022. Ruwa ya shiga shaguna ya jiƙa dilolin atamfa da shadda na miliyoyi, aka yi ta kukan cewa an toshe magudanan ruwa da gine-gine. Wane tanadi ɗan kasuwa ɗaya zai yi a shagonsa ya hana wannan? Ko ya ɗora kayansa a kan katako, in kwata ta toshe ruwa zai same shi. Karin maganar tana sa kowa ya duƙufa a kan nasa, alhali wani bala'in sai an taru ake tare shi.

Alhajin Sabon Gari:
Wannan kam gaskiyarka ce, ba ni da ja.

Maman Ilham:
Ku maza duk kasuwa kuka nufa. Ni a gidan aure nake jin wannan karin maganar, kuma a nan ne aka fi yi mata kunnen ƙashi. Unguwa nawa ce a Kano babu yaro mai sikila? Muna ganin uwa tana kwana a asibiti, yaro yana kukan ciwon ƙashi, ana neman jini tsakar dare. Duk da haka in an ce saurayi da budurwa su je gwaji, sai wata gwaggo ta ce ana yi wa aure baƙin ciki. In gwajin jini ya nuna namiji AS ne mace ma AS, wato kowannensu yana ɗauke da ƙwayar sikila amma ba ya ciwon, kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi SS, wato mai sikila. Kowane ciki fa, ba wai ɗa ɗaya cikin 'ya'ya huɗu ba. A 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na jini. Amma ni roƙona ga iyaye, a yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. In aka bari sai an sa rana, an kawo lefe, an raba goro, wa zai iya cewa a fasa? A nan ne ake rufe ido a ce Allah zai kiyaye.

Abu Sumayya:
Hajiya, ban ƙi taki ba, amma ina tsoron kada kaffa-kaffa ta yi mana yawa har ta ci tawakkali. Ƙaddara ta riga fata. Kuma da irin waɗannan karin maganar ake kashe wa matasa gwiwa. Yaro ya ce zai fara sayar da waya a Farm Centre, sai a ce wane ya gwada ya karye, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Haka zai zauna a majalisa har ya yi furfura.

Malamin Hausa na Gwale:
Abu Sumayya, tawakkali da tanadi ba kishiyoyi ba ne. Tirmizi ya ruwaito daga Anas ɗan Malik cewa wani mutum ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗaure raƙumarsa ne ko ya sake ta ya dogara ga Allah. Aka ce masa ya ɗaure ta sannan ya dogara. A Suratun Nisa'i aya ta 71 ma an umarci muminai su riƙi hattararsu. Game da yaron nan kuwa, wanda ya ce masa kada ya tashi ya karkatar da maganar. Abin da ya kamata shi ne a zaunar da shi a binciko me ya karya wane. Bashi ya yi ta bayarwa? Jari ya ci? Wayar sata ya saya ba tare da rasit ba? In ya san wannan sai ya shiga da idonsa a buɗe.

Ummi 'Yar BUK:
Baba Malam, matsalar ita ce mutum ba ya yarda cewa shi da wane halinsu ɗaya. A watan Disamba na 2016 MMM, wani tsarin zuba kuɗi na damfara mai alƙawarin riba mai yawa, ta rufe da kuɗin mutane, kowa ya ji labari. A watan Afrilu na 2025 CBEX, wani tsarin irinta, ta yi irin haka, kuma cikin waɗanda suka zuba har da masu ba da labarin MMM da bakinsu. Kowa cewa yake shi zai cire nasa da wuri. Wata ƙawar yayata sarƙar aurenta ta sayar ta zuba, har yau mijinta bai sani ba.

Ɗan Fagge:
Allah ya rufa mata asiri. Ni dai har yanzu ina ganin da an ce "kashe masa, sannan ka shafa wa naka" da ta fi cika. Alhaji, tambaya ta ƙarshe, don ƙanena ya kama shago a Kofar Wambai: me zai fara tanada?

Alhajin Sabon Gari:
Ya kira mai gyaran wuta na gaske ya duba masa waya tun daga mita, kada ya yarda da jone-jonen da ya tarar. Ya sayi tukunyar kashe gobara mai hoda, ya rataye ta a bakin ƙofa inda hannu zai kai, ya riƙa duba allurarta tana kan kore. Ya ajiye bokitin yashi. Ya gaya wa yaran shago cewa wutar lantarki ba a watsa mata ruwa sai an cire fiyus. Fetur kuma kada ya kwana a ciki ko na kwalba ɗaya ne. Sannan ya nemi shugaban layinsu ya ji ko suna da mai gadin dare da lambar 'yan kwana-kwana, in babu su haɗa kuɗi a cikin satin nan.