Ƙotar wuƙata ta tsage, ku ba ni shawara

Sabon shiga: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ni malamin makaranta ne, ranakun hutu na fara gwada sassaƙa ƙotar wuƙa don sha'awa kawai. Na yanko reshen darbejiya na gyara shi, na ƙona wutsiyar wuƙar ta yi ja, na cusa. Kwana uku ƙotar ta tsage tun daga baki. Ina na kuskure?

Maƙeri: Wa alaikumus salam Malam. Ɗanyen ice ka sa, shi ke nan. Ga kuma hunturun nan, ko ƙofar ɗaki tsagewa take yi, balle reshen jiya.

Baba masassaƙi: Yaro, bar darbejiya tukuna. Nemi marke ko aduwa, su muke wa fartanya da gatari ƙota tun kakanni. Kirya ta fi su duka ƙarfi, shi ya sa maƙera ke son gawayinta, amma za ta cinye maka kaifin gizago, hannunka bai kai nan ba. In ka yanko, shafe bakin icen duka biyu da narkakken kyandir, ka ajiye a inuwa wata da watanni. Kada rana ta gan shi.

Sabon shiga: Watanni, Baba? Ni da na so in gama kafin babbar sallah!

Wata 'yar'uwa: Malam, ga hanya mai sauƙi. Zaga gidajen unguwa ka roƙi tsohuwar taɓarya da ta karye. Ta bushe tun shekaru, ice ne mai tauri, kuma kyauta za a ba ka. Tamu tana nan bayan murhu, saura kaɗan a hura wuta da ita.

Maƙeri: Wallahi Hajiya kin gama magana. Sai dai Malam, daina kai wutsiyar ta yi ja sosai. Zafin na haurawa ruwan wuƙar ya kashe kaifinta, ramin kuma ya ƙone ya yi faɗi, gobe ta fara girgiɗi. Fara huda ƙaramin rami, ka ɗumama ƙarfen kaɗan, ka naɗe ruwan wuƙar da jiƙaƙƙen tsumma. Sannan zoben jan ƙarfe a bakin ƙotar, guntun bututun famfo ma ya isa.

Kafinta: Ni dai ba na ƙonawa. Huda, gam ɗin Araldite, kusar tagulla biyu, kwana ɗaya ta kame.

Baba masassaƙi: Gam ɗinku na zamani. To, in ruwan zafi ya taɓa fa?

Kafinta: Baba ai kusoshin na nan. Malam, in ka goge da samfefa ka shafa man kaɗanya. Kada ka sa man gyaɗa, yana yin wari.

Sabon shiga: Na gode ƙwarai. Hajiya, zan aiko yaro da yamma ya karɓo taɓaryar, a cire ta daga bakin murhu don Allah.