Wace kalma za mu ba "emotion regulation" da Hausa?

Assalamu alaikum, malamai da 'yan uwa masu fassara. Ina mayar da wata ƙaramar takarda zuwa Hausa domin iyayen matasan da fushi ko baƙin ciki ke ɗiba har su kai ga yi wa jikinsu rauni, kuma yau kwana uku ke nan kalmomin Turanci "emotion regulation", wato yadda mutum ke iya tafiyar da abin da yake ji a ransa, sun tsayar da ni.

Kalmomin na cikin wata hanyar jinya ta tattaunawa da ake kira DBT, wadda Marsha Linehan, masaniyar halayyar ɗan Adam da ta yi aiki a Jami'ar Washinton da ke Siyatil a Amurka, ta tsara, ta kuma wallafa littafinta a 1993. Ita kanta an taɓa kwantar da ita a asibitin ƙwaƙwalwa tana da shekara 17, kuma ba ta faɗa wa duniya ba sai a 2011. Daga baya Alec Miller da Jill Rathus suka gyara tsarin domin matasa, suka shigar da iyaye cikin zaman horon, suka ƙara darasi kan bin tsaka-tsaki tsakanin tsanantawa da sakaci.

Kalmar da ta fara zuwa bakin kowa ita ce "haƙuri", kuma ita na fara ajiyewa a gefe, duk da girmanta a wurinmu. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar da ta shigo ɗaki jikinta na rawa, idan uwa ta ce mata "ki yi haƙuri", abin da kunnenta ke ji shi ne ta yi shiru, an rufe maganar. Tsarin Linehan kuwa yana fara ne da amsa wa yarinyar cewa abin da take ji gaskiya ne kuma yana da dalili, sannan a koya mata yadda za ta sauke shi. Saboda wannan dalilin na ƙi "danne zuciya" da "haɗiye fushi", domin abin da aka danne ba ya tafiya ko'ina, kuma shi ne ke fitowa da dare a bayan ƙofar banɗaki da reza.

Wata malama ta ba ni "kwantar da hankali". Malama, na gode, amma wannan sakamako ne, alhali abin da muke nema sunan aikin da ke kai wa gare shi. Aikin ya ƙunshi matashi ya iya kiran abin da yake ji da sunansa, ya duba ko abin da ya faru ya kai girman tashin hankalinsa, ya kula da barcinsa da cinsa, kuma idan tsoro ya ce ya ɓuya alhali babu haɗari, ya yi akasin haka. Dabarar tsoma fuska cikin kwanon ruwan sanyi tare da riƙe numfashi, wadda ke rage bugun zuciya nan take, tana wani babin ne na jure ƙunci, ko da yake duk wanda aka taɓa ce wa ya yi alwala idan ya fusata zai gane ta.

"Sarrafa motsin rai" daidai yake a ma'ana, kuma shi zan bar wa littattafan ɗalibai, sai dai ban taɓa jin wata uwa ta ce "motsin rai" a tsakar gida ba. Abin da muke cewa shi ne zuciya ta ɗebe shi, ko ya cika zuciya. Shi ya sa na karkata ga "riƙon linzamin zuciya". Mahayi ba ya kashe dokinsa don ya zabura. Yana jan linzami, yana sassautawa, kuma koya ake yi, ana faɗuwa ana sake hawa.

A takardar na rubuta haka: "Likita zai koya wa ɗanku riƙon linzamin zuciya, ku ma za ku zauna a koya tare da ku." Abin da ya rage mini shi ne babin jure ƙunci, inda nake tsakanin "juriya" da "dauriya", kuma ina so in ji wadda ta fi zama a kunnen mutanen Sakkwato da Damagaram kafin in kai takardar ɗab'i.