Maganin ƙiba ne ke lalata wa rago maraina ko ƙibar ce da kanta?

Baban Hanifa: Salamu alaikum 'yan uwa. Ni fa har yanzu ina kan bakana, duk ragon da aka turka da maganin ƙiba ya tashi daga ragon barbara, nama ne kawai, ko kyauta aka baka kar ka sake shi cikin tumakinka. A Amurka inda suke tara 'yan raguna dubbai a shinge suna ɗura musu hatsi akwai wata ƙwaya da ake cusawa ƙarƙashin fatar kunne, zeranol sunanta, a kasuwa Ralgro, miligiram 12 ake sa wa ɗan rago, kuma masu yinta da kansu sun rubuta cewa ba a sa wa dabbar da za a bari don haihuwa. To mai abu ma ya faɗa da bakinsa

Ɗan Maraɗi: Wa alaikumus salam. Baban Hanifa gsky ka haɗa abu biyu wuri ɗaya. Mai turka raguna a bayan gida ina ya ga Ralgro? Dusa ce da harawa da angurya da ƙuli, sai bitamin da maganin tsutsa, waɗannan ba homon bane, wato sinadarin da ke kai saƙo ta jini ya sarrafa girma da haihuwa. Ragon turka yana kasa barbara ne saboda kitse, ka ɗaure balami wata da watanni baya motsi baya ganin tunkiya sannan ka sake shi kace ya yi aiki, ina ƙarfin yake

Baban Hanifa: Kai dai kana yi wa kowa zaton kirki ne. Duk wanda ke yawon kara dab da Sallah ya san akwai masu yi wa dabba allura ta kumbura

Maman Sadik: Dakta dan Allah ka shigo maganar nan, mu mata masu ɗan kiwo mu ake cuta wlh, mu ne ke sayen ragowar ragunan Sallah da araha muna sa rai za su yi mana barbara

Dakta: Hajiya gani. Kowannensu yana da gaskiya a wani wuri amma bari in fara da na Baban Hanifa don shi ne mutane basu cika sani ba. Maraina basa aiki da kansu, daga ƙwaƙwalwa ake aiko musu da saƙo ta cikin jini cewa su girma su yi maniyyi. Ita zeranol aikinta a jiki irin na homon ɗin mace ne, asalinta ma daga gubar wata fumfuna ce da ke kama masara. Da ta shiga jini sai ƙwaƙwalwa ta ɗauka ai homon ya wadatu sai ta rage aiko da saƙon, shi ya sa ɗan ragon da aka sa wa tun yana ƙarami marainansa ke tsumburewa, jikinsa ya yi nama amma ka auna jakar ka ga bata kai ta tsaransa ba. Haka ma wanda ake kira tirenbolon, shi na namiji ne amma sakamakonsa ɗaya, jiki ya samu daga waje sai masana'antar cikin gida ta tsaya. Kuma ba maraina kaɗai ba, a ragon da aka dandaƙe waɗannan ƙananan jakunkunan ruwa da ke kewaye da mafitsara kumbura suke har su matse hanyar fitsari, rago ya yi ta yunƙuri har dubura ta fito. Wannan tun zamanin DES, wani homon ɗin mace da ake haɗawa a masana'anta ana ba dabbobi don ƙiba, aka gani a wuraren turka na Amurka, kafin su hana amfani da shi a 1979

Baban Hanifa: To kun ji dai. Allah ya saka da alheri Dakta

Dakta: Tsaya mana Alhaji ban gama ba. Inda ban yarda da kai ba shi ne cewa duk maganin ƙiba haka yake. Akwai zilfaterol da ake ba shanu a Afirka ta Kudu da Meziko, an gwada shi a kan raguna ma, shi ba homon ɗin haihuwa bane, tsoka yake sa wa ta yi kauri ya rage kitse, hanyarsa daban ce kwata kwata. Akwai kuma masu zuba ɗan antibayotik a abinci don saurin girma, wanda Tarayyar Turai ta hana a 2006, shi ma illarsa ta wani wajen ce, ƙwayoyin cuta su daina jin magani. Sai a san wanne ake magana a kai

Ɗan Maraɗi: Yauwa Dakta, to kitsen fa?

Dakta: Kitsen babbar magana ce kuma a wajenmu inaga ta fi yawa nesa ba kusa ba. Allah ya rataye maraina a waje ne don su fi jiki sanyi da 'yan digiri, da kitse ya taru a wuyan jakar sai zafi ya kasa fita maniyyi ya lalace, ga kuma zafinmu na Afrilu da Mayu a ɗakin langa langa. Sannan anguryar da ka ambata kai ma bata kuɓuta ba, akwai wani sinadari mai suna gosifol a cikinta wanda in ya yi yawa yana raunana maniyyi, musamman a 'yan raguna da tumbinsu bai gama ƙosawa ba

Ɗan Maraɗi: Haba Dakta angurya kuma? Iyaye da kakanni da ita suka yi kiwo

Dakta: Sun yi amma ɗan ma'auni suke bayarwa a kan ciyawa, ba kwano cike safe da yamma ba. Abinci ma yana iya yin aikin homon ai. A yammacin Ostiraliya a shekarun 1940 wata ciyawa da suka shuka don kiwo ta sa tumaki suka daina ɗaukar ciki, har ragunan da aka dandaƙe suka fitar da hantsa da ruwan nono, ba wanda ya yi musu allura

Malam Na Zariya: Ikon Allah. Ni tambayata ta layya ce, ragon da marainansa suka ƙanƙance haka ya halatta? Abin da na sani dai dandaƙaƙƙe ma ana layya da shi, a Malikiyya wanda ba a dandaƙe ba ya fi falala sai in dandaƙaƙƙen ya fi ƙiba. Amma mai sayarwa ya ɓoye cewa ya yi allura wannan kam algus ne ba tantama

Maman Sadik: Malam ni ma naman ne ke damuna, yara ke ci

Dakta: Hajiya a Amurka doka ce sai ɗan rago ya yi kwana 40 da sa ƙwayar kafin a yanka shi, su kuma Turawan Turai basu yarda ba sam, tun 1989 suka hana shigo musu da naman da aka yi wa homon, rigimar ta kai su har kotun ciniki ta duniya. Matsalarmu ita ce mai yin allura a ɓoye baya lissafin kwanaki. Kuma allurar da Baban Hanifa ke nufi, irin su deksametazon, maganin kumburi, ba nama take sawa ba, ruwa take tarawa a jiki ta buɗe ciki ta karya garkuwar dabba, in tunkiya mai tsohon ciki ce ma tana iya zubar mata da shi

Baban Hanifa: To ashe maganata bata faɗi ƙasa ba, tunda mai saye bai san wanne aka yi wa ba ai gara ya guji ragon turka gaba ɗaya

Ɗan Maraɗi: A'a fa, nan ne ban yarda ba. Talaka da tunkiya huɗu kace ya bar rago mai kyakkyawan jini don zato? Ni na sha sayen uda bayan Sallah in rage masa dusa in sake shi kiwo ya saɓe kuma ya yi min barbara lafiya lau

Dakta: Yana yiwuwa, in kitse ne ko zafi yana dawowa, amma a bashi aƙalla wata 2 don maniyyi kusan mako 7 yake ɗauka kafin ya haɗu. Wanda aka sa wa homon tun kafin ya balaga shi ne abin tsoro. Hajiya in za ki saya ki sa a taɓa miki marainan, su zama manya daidai da juna masu ɗan tauri suna motsi a cikin jaka, babban rago in aka zagaya jakar da tef ya kamata ta haura santimita 30. Tunkiya kuma duk kwana 17 take neman rago, in kin ga yawancinsu suna dawowa nema zagaye biyu a jere to ki canja shi kar ki yi asarar shekara

Maman Sadik: Nagode Dakta. To 'yan matan tumakin fa, in na ƙosar da su da dusa tun suna ƙanana ba matsala?

Dakta: Akwai, kitse yana cika hantsar tun kafin ta ginu sai nono ya yi ƙaranci in ta haihu. Wadda za ki bari ki ware ta daga na turka, harawa da kiwo su fi yawa, dusa kaɗan